Cike Raminka

Ruwan Rima ya ja baya ran Talata,
ya bar rairayi fari fat kamar an shanya tsaba.
Mu huɗu ne a gindin gadar Kwalkwalawa:
ni, da Labbo mai gyaran rediyo,
da Arzika da na'urar da ya sayo don zuwa Jado,
ta ci masa bijimi biyu, ba ta nuna masa zinari ba,
sai yaron nan Nomau, mai maganaɗisun tsohuwar sifika
ɗaure da igiyar guga,
yana jan sa kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Ba mu da sarki, ba mu da takarda.
Wanda ya riga sauka shi ke jan layi da diddige,
daga tushen giyayya zuwa inda jirgin fito ya kwana.
In ka iske layi, yi sallama, ka zagaya.
Na'ura biyu in suka matsi juna
tsuwa suke yi kamar gyare a daren bazara,
ba mai jin abin da ƙasa ke faɗa.
Taku ashirin tsakani, in ji Labbo,
shi da ya san halin waya.

Ka tona, ka cike.
Bara jakin wani mai ɗibar yashi ya zurma rami,
ƙafar gaba ta karye.
Mai shi ya sauke mangala, ya zauna gefensa
har inuwar gada ta rufe su, bai zagi kowa ba.
Ramin nawa ne.
Ban taɓa faɗa ba sai a wannan takarda.

Inda mata ke wanki, sai sun kwashe shanya.
Inda Sarkawa suka baza koma, ba a takawa.
In garke ya gangaro mashaya
kashe na'ura, ka tsaya, bari su sha.
Rairayin nan ba gadon uban kowa ba ne,
aro ne, mai shi na nan tafe da damina.

Me muke samu? Marfin kwalba.
Marfin kwalba kuma.
Ƙusa, ƙugiya, cokali mai karyayyen wuya,
wani bi anini mai huji a tsaka
irin wanda kakana ya ƙirga wa mai haraji.
Labbo na tara su a gwangwanin madara,
ba ya sayarwa. Ya ce kallo ma ci ne.

Ran Alhamis tawa ta yi wani kuka
siriri, mai tsabta, wanda ba na gwangwani ba.
Na duba ƙasa: taƙi ɗaya cikin layin Arzika.
Ya ba ni baya, yana can yana fama da tsatsa.
Na ɗora ƙafa a wurin.
Na daɗe a tsaye. Har balbela ta gaji da kallona.
Sannan na ce, Arzika, zo, ƙasarka na kira.

Awarwaro ne na azurfa, ɗan ƙarami,
ko yatsuna uku ba su shiga.
Ya goge shi da bakin riga, bai ce nawa ba ne.
Muka kai wa masu wanki. Iya Ige ta juya shi,
ta kai shi kusa da ido, ta girgiza kai,
ta ce gulbin nan daga nesa yake ɗauko kaya.
Juma'a uku ana cigiya.

Yana nan rataye a ƙusa a shagon Labbo,
sama da rediyoyin da masu su ba su dawo ba.
Nomau kan tsaya ya kalle shi, ya tambaya
ko yarinyar ta girma.
Ba wanda ke amsa masa.

Jiya na ga gajimare ta gabas.
Layukanmu saura kwana kaɗan.
Na tona, marfin kwalba ne,
na sa shi aljihu,
na tura yashi da gefen ƙafa, na daddanna.